Abin da ƙaiƙayin ƙananan karnuka ya koya mini

Mu da muka karanci kiwo a nan Nijar, kan shanu da awaki da raƙuma aka horar da mu. Kare kuwa, wanda muka sani shi ne na gadi ko na farauta, irin dogon karen Azawak na arewacin Tawa. Da na kama aiki a wani asibitin dabbobi a Yamai sai ga wasu irin karnuka ana kawowa daga unguwannin Filato da Kwaira Kano, 'yan mitsi-mitsi masu gashi, kilo 3 ko 4, a rungume kamar jarirai. Kukan masu su kusan ɗaya ne: susa ta hana shi barci.

Maigidana a wurin aiki ba ya bari a ambaci magani sai an ɗora kare a sikeli. Dalilinsa a fili yake. Allurar ibamektin, maganin tsutsa da ƙwarin fata da ke ko'ina a kasuwannin dabbobi, mililita 1 ake yi wa saniya a kan kowane kilo 50. In ka lissafa wa kare mai kilo 3, abin da zai ɗauka bai fi ɗigo biyu ba. Amma mai gadi zai sayo kwalbar, ya zuƙi rabin sirinji da kyakkyawar niyya. Na ga sakamakon da idona: yawu na dalala, tafiya kamar ta mashayi, baƙin ido ya buɗe bai ganin gabansa. Wasu sun tashi bayan ƙarin ruwa da jinya, wasu ba su tashi ba. Haka maganin wankan kaska na shanu, amitaraz, yana iya kashe ɗan kwikwiyo da ƙaramin kare irin Chihuahua.

Bayan awo, sai duban inda susar take, don wurin yana faɗar mai laifi. In gindin wutsiya da bayan cinya ne suka kwaile, ƙuma ce. Mukan tsayar da karen a kan farar takarda mu taje shi, baƙin garin da ya zubo mu ɗiga masa ruwa. In ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne da ta sha. Sau da yawa mai kare kan ce, "Likita, ni ban taɓa ganin ƙuma a jikinsa ba." Sai maigidana ya ce, "Hajiya, ba a jikinsa suka fi yawa ba, suna cikin kafet ɗinki." Gaskiya ce: macen ƙuma na iya yin ƙwai har 50 a rana, su zube a shimfiɗa da tsagar siminti. Shi ya sa magani na wata ɗaya ba ya isa, sai an bi wata 3 a jere, an wanke shimfiɗa da ruwan zafi, an kuma yi wa duk dabbar gidan.

In kuwa bakin kunne da gwiwar hannu ne suka yi ɓawo, ƙazuwa muke zargi. Ka murza gefen kunnen da yatsa biyu, sai ka ga ƙafar baya ta kama susa da kanta. Wannan tana yaɗuwa, har yaran gida kan sami ƙuraje a hannu. Akwai wata iri da ke cinye gashin gefen idon kwikwiyo, ita ba ta kama kowa, kuma sai an kankare fata an duba a madubin likita ake rabe su. Makero ma na nan, mai zagaye, yana kama mutum.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne baƙin man mota. Har yau ana shafa wa kare mai ƙazuwa, ya ƙone masa fata, ya lashe ya shiga cikinsa. Sai kuma dezametazon, da ke kwantar da susa cikin kwana ɗaya har a ɗauka an warke, alhali yana raunana garkuwar jiki, ƙwaron ya ƙara samun wuri. Yanzu akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard na wata-wata da Bravecto na mako 12, suna kashe ƙuma da kaska da ƙwaron ƙazuwa, kuma kowane kwali da nauyin karen da aka yi shi dominsa. Suna da tsada, ban musa ba, amma ba su kai kuɗin jinyar guba ba.

Wani ƙaiƙayin babu ƙwaro a cikinsa. Da hunturu fata na bushewa, a ƙara mata da wankan sabulun wanki kullum. Wani kuma abinci ne bai karɓe shi ba, ya yi ta lasar tafin ƙafa, kunne na wari. Gano wannan sai an tsare shi a kan abinci iri ɗaya tak na mako 8, ba ƙashin kaza, ba guntun kilishi daga hannun yara. A nan ne muke shan wuya da masu gida, don haka mukan nemi a zo mana da mai dafa abinci da mai gadi, mu yi bayanin a gabansu duka.