Ƙaramar mota a Kano: giyar da ba ta da P

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000, ƙananan motocin nan masu buɗe baya suka yi daraja a Kano. Motar da a da ake cewa ta mata ce ko ta 'yan koyo, yanzu magidanta ne ke rububinta. Da na rabu da babbar motata na shiga nema, biyar na sa a gaba: Peugeot 307, Golf 4, Honda Jazz, Toyota Yaris, sai Pontiac Vibe da 'yar'uwarta Toyota Matrix, waɗanda sun ɗan fi sauran jiki. Lissafin shan mai na shiga kasuwa da shi. Abin da ya raba gardama kuwa giya ce, kuma har yau idan na tuna irin wadda aka so a manna mini, raina yana ɓaci.

Biyu na sallama da wuri. 307 ta fi kowacce araha, tana da daɗin zama, ga taushi a kan rami. Amma duk wutarta a akwati ɗaya take haɗuwa, wanda ake kira BSI, kuma da zarar rewaya ya yanka waya ɗaya ya yi jone, sai fitila da waifa da makulli su fara abin da suka ga dama. Giyarta ta otomatik, AL4, an san ta da buga ƙara ta maƙale a lamba uku idan bawul ɗin cikinta ya gaji. Golf 4 ƙarfe ce, a kan titin Zariya babu wadda ta kai ta zama daram. Sai dai bel take amfani da shi a taimin, in ya tsinke yana iya lanƙwasa bawul, kuma hanyar ruwanta cike take da roba: bakin da tiyo ke shiga, da fankar famfon ruwa. Motar da ta haura shekara 20, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, robar nan ta gama bushewa. Wanda yake da bakanikensa na Golf, kuma mai giyar hannu zai saya, ba zan hana shi ba. Ni dai ban ga ribar ba.

Yaris na fi karkata a kai tun farko. A wani filin sayar da motoci aka nuna mini wata 'yar Turai, ƙofa biyar, inji 1.3, fenti na asali, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Dillali ya ce, "Alhaji, otomatik ce, ko Hajiya ma za ta ja." Ƙafa biyu ce a ƙasa, totur da birki, babu kuloci. Muka zaga layi muka dawo lafiya lau, na ba da kafin alƙalami a kan washegari zan zo da bakanike.

Bakanikena bai ma buɗe bonet ba. Kan giyar ya kalla ya ce, "Yallaɓai, ina P?" Babu P ɗin, wato harafin fakin da ake gani a kan giyar otomatik ta asali. R ce, da N, da E, da M. Wannan ita ce MMT, kuma ba otomatik ba ce irin wadda muka sani. Giyar hannu ce sak, da farantin kulocinta, sai aka cire wa direba ƙafar kuloci aka sa ƙananan motocin lantarki da kwamfuta su riƙa takawa suna sauya giya. An yi ta ne don ta rage shan mai, kuma a buɗaɗɗen titi tana ragewa. To amma mu a nan tuƙinmu na taku ɗaya ne ka tsaya, taku ɗaya ka tsaya, a Kurna ko Bata ko bakin Kwari, Adaidaita na gaba, Adaidaita na baya. A irin wannan tafiya kulocin yana rabin kamu ne kullum, yana zafi yana cinyewa. Muka shiga cunkoso da ita da gangan, esi a kunne. Da ta ɗau zafi sai ta fara fizga in za ta tashi, daga baya harafin N ya fara ƙiftawa a allo, ta ƙi karɓar giya sai da aka kashe ta ta huce.

Gyaranta ba na kowane gareji ba ne. Ko kuloci kawai aka sauya, dole a jona mata kwamfuta a sake koya wa na'urar inda sabon farantin yake kamawa, in ba haka ba sabon ma zai ƙone. In kuwa injin da ke taka kulocin ne ya mutu, a Ƙofar Ruwa tsoho za ka samu, wanda aka ciro daga wata motar da ba ka san ciwonta ba. Dillalin ya san duk wannan. Da na ce na fasa, sai ya ce ai ciniki ya faɗa, ya riƙe wani abu daga kuɗina da sunan ɓata masa kasuwa. Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba, kalmar "otomatik" ɗin nan ce da ya faɗa yana kallon idona. Na tabbata an sayar wa wani bawan Allah motar.

Ba Yaris kaɗai ba ce. Ƙananan motocin Turai na wancan zamani da yawa haka suke: Auris da Corolla Verso suna da MMT, Jazz ta Turai da ta fito a 2008 tana da i-Shift, Opel na da Easytronic, Peugeot na da 2-Tronic. Suna daban-daban, aiki iri ɗaya. Duk wadda aka ce maka otomatik ce ka duba ba ka ga P ba, ka san me ke gabanka.

Daga nan na sake lissafi, na fara tambayar giya kafin komai.

Jazz ta farko, wadda aka yi daga 2001 zuwa 2008, ta burge ni ƙwarai. Tankin manta a ƙarƙashin kujerun gaba yake, shi ya sa kujerun baya suke kwanciya ƙasa sosai, ko ka ɗaga mazauninsu sama ka tsayar da kaya masu tsayi. Babu ƙaramar motar da ta kai ta cin kaya. Amma abu biyu. Injinta na i-DSI fulogi takwas gare shi, biyu a kan kowace silinda, kowanne da kwayil ɗinsa. Huɗun baya a ɓoye suke, da yawan masu gyara na gaba kawai suke sauyawa, sai mota ta riƙa shaƙewa ana ta neman ciwon a wani wuri. Na biyu, otomatik ɗinta CVT ce, mai aiki da bel na ƙarfe, kuma manta na musamman ne. Aka zuba mata jan man giya na gama-gari, rawar jiki za ta fara duk lokacin da za ta tashi daga tsaye. Tana da P, amma ka gwada ta a ɗan hawa, ka saki birki ka taka totur a hankali. In ta yi karkarwa, ka bar ta. Wadda aka yi wa Amurka da sunan Fit daban take: inji 1.5, fulogi huɗu, otomatik na gaske mai giya biyar. Da na samu mai tsabta da na tsaya a kanta, waɗanda na gani duk sun sha duka a gaba.

Vibe ce ta ba ni wahalar yanke hukunci. Sunan Pontiac ne a jiki, amma inji da giya na Corolla ne, 1ZZ mai 1.8, sarƙa a taimin, otomatik mai giya huɗu wanda kowane bakanike a garin nan ya sani. Tana da faɗi, tana da but na kirki, in ka tashi sayarwa kuma ba ta kwana. Abin kiyayewa a cikinta: mai jan ƙafa huɗu ta fi shan mai, ga ƙarin kayan da za su lalace a baya. Ta 2009 da 2010 mai inji 2.4 an san ta da cin baƙin mai, haka ma wasu daga cikin na farko-farkon 1ZZ. Tun 2010 aka rufe Pontiac, don haka fitila da bamba na Vibe sai dai tsofaffi, kuma ba su shiga da na Matrix. Lambar shasi tana bambanta su: Vibe da 5Y2 take farawa, Matrix da 2T1.

A nan ne lissafin mai ya yi amfani. A ce kana cin kilomita 30 a rana, wato 900 a wata. Motar da ke ba ka kilomita 12 a lita za ta sha lita 75. Wadda ke ba ka 9 za ta sha 100. Lita 25 ke nan a wata, 300 a shekara, ka ninka da farashin yau. Kuɗi ne, amma gyaran giya ɗaya mai tsanani yana iya haɗiye tanadin shekara guda har ya nemi ƙari. Shi ya sa ba na yarda da mai cewa "ai wannan shinshina mai kawai take yi" sai na ga giyar. Kuma kada ka auna da allura. Ka cika tanki har famfo ya katse, ka maida mita sifili, ka yi harkarka da esi, ka koma famfon nan ka sake cikawa, ka raba kilomita da litar da ta shiga.

Ƙarshe Yaris na saya, amma wadda aka yi wa Amurka: inji 1NZ mai 1.5, otomatik na asali mai giya huɗu, da P ɗinta. A can mai ƙofa biyar sai daga 2009 ta fara, kafin nan mai ƙofa uku ce, wadda ba ta dace da mai kai yara makaranta ba. Ta fi 'yar Turai mai 1.3 shan mai kaɗan, ta fi ta kuɗi, amma ta gaza Vibe a duka biyun, kuma kayan injinta ba a nemansu da fitila. Tana da nata aibin. But ɗin ƙarami ne, buhun shinkafa ɗaya da 'yan ledoji sun cika shi. In ka hau titin Wudil ka kai 120, injin yana kuka saboda babu giya ta biyar, tirela ta wuce ka kuma za ka ji iska ta ture ka. In mutum biyar suka zauna, cikinta yana gogar tudun rage gudu. Allon mitarta a tsakiya yake, sai ido ya saba. Mai iyali da yawa ko mai yawan zuwa ƙauye da damina, Vibe mai 1.8 mai jan gaba ta fi masa, ko da zai ƙara kuɗi. Wanda kuma bai damu da taka kuloci ba, Yaris 'yar Turai mai giyar hannu ita ce mafi sauƙin riƙo a duk jerin, sai dai in ya zo sayarwa zai jira mai saye.

Sauran abubuwan da muka duba a kanta, kowace mota ya kamata a duba mata. A ɗaga ta a leƙa salansa a ga ko indominta, wato abin tace hayaƙi da ke cikin tukunyar salansa, na nan, don ana fasa tukunyar a kwashe a sake walda, alamar ita ce sabon ɗinki a jikin ƙarfen, kwamfutar gwaji kuma takan nuna lambar matsala P0420. Ka kunna makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbata fitilar cek ta kawo sannan ta ɗauke bayan inji ya tashi, domin akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya. Fankar lagireto in ta fara juyawa tun daga kunna makulli, esi a kashe, an yi mata jone kai tsaye, galibi kuma an cire tamostat. Injin da ba ya kai zafinsa kwamfuta tana ta ƙara masa mai, ka sayi ƙaramar mota tana sha kamar babba. Vitz ita ce Yaris ta Japan, da sitiyari a dama take zuwa a juya shi. Ka duba waifa: in tana share ɓangaren fasinja fiye da naka, juyayya ce, kuma da yawansu CVT ne. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙusoshin kujera, saboda motocin da ambaliya ta ci a Amurka suna shigowa. Takardar kwastan kuwa, a Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka duk wadda aka ce 'yar Kwatano ce a tantance takardarta a ofishin kwastan, lambar shasi ta yi daidai da ta jikin gilashi da ta ƙofa, kafin kuɗi su fita.

Gwajin tuƙi na zaga layi ba ya nuna komai, wancan dillalin da shi ya kusa cin nasara. Ka nemi a ba ka rabin awa, da rana tsaka, esi a kunne, a cikin cunkoso na gaske, sannan ka fita baifas ka ji shigar kowace giya. Kafin alƙalami kuma a rubuta, da shaida, cewa in bakanike ya ƙi mota kuɗi za su dawo cif. Mai motar da ya ƙi waɗannan biyun ya san abin da yake ɓoyewa.

Ranar da na karɓe ta kai tsaye gareji muka wuce. Aka juye baƙin mai, lita 3.7 take ci har da filta, 5W-30. Aka sauya filtar iska, wadda da hunturu sai an riƙa kakkaɓe ta saboda ƙura. Aka zubar da ruwan lagireto aka sa mai launi na asali maimakon ruwan famfo. Man giya kuwa na tsaya a kai da kaina, na zaro sandar gwaji na nuna wa yaron gareji WS da aka rubuta, wato irin man da giyar take ci, na ce in ba shi ba ne kada a buɗe galan.