Allo mai 144Hz da ɗan wasan harbi a Gombe

Duk wanda ya kama buga Counter-Strike 2 ko Valorant da gaske, ba zai daɗe ba sai ya ji ana ambaton lambobi biyu: yawan firam, wato hotunan da kwamfuta ke fitarwa a daƙiƙa guda, da yawan sabunta hoton da allo ke yi a cikin wannan daƙiƙar, wanda ake aunawa da Hz. Samarinmu da yawa a nan Gombe suna ɗaukar su abu ɗaya, kuma wannan ruɗani yana cinye kuɗin da aka sha wahalar tarawa, shi ya sa lamarin yake damuna.

Abin da muke gani yana motsi a allo, hotuna ne tsayayyu da ke bin juna da sauri. Kwamfuta ce ke zana kowane ɗaya, shi kuwa allo aikinsa nunawa kawai. Kamar mai suyar waina ne da yarinyar da ke kai wa masu saye: idan yarinyar sau 60 take iya zirga-zirga, to ko an soya 200 abin da zai isa ga mai ci bai wuce 60 ba, idan kuma tanda ce ba ta da sauri, saurin ƙafar yarinyar ba zai ƙara komai ba. Allo mai 60Hz yana canja hoto bayan kowane milisakan 16.7 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), mai 144Hz bayan 6.9, mai 240Hz bayan 4.2, mai 360Hz kuma bayan 2.8. Wanda ya tashi daga 60 zuwa 144 ya rage kusan milisakan 10 daga tazarar da ke tsakanin hoto da hoto, wanda kuwa ya tashi daga 144 zuwa 240 bai rage ko 3 ba, alhali kuɗin da zai biya, na allon da na kwamfutar da za ta iya ciyar da shi, ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Bambancin 60 da 144 ba ya buƙatar gardama. Ka juya linzamin kwamfuta, wato mouse, da sauri a kan 60Hz, za ka ga abokin gaba yana tsalle daga wuri zuwa wuri, hoton kuma yana dusashewa; ka yi irin wannan juyi a kan 144Hz, idonka zai bi shi tiryan-tiryan tun daga fitowarsa bayan bango. Masu cewa idon ɗan Adam ba ya ganin abin da ya wuce hoto 24 ko 30 a daƙiƙa sun ɗauko zancen ne daga fim, inda ake ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa, sun manta cewa mai kallon fim ba shi yake juya kyamara ba, kuma ba wanda ke jiran ya harbi wani.

Wani ƙanena a Jekadafari ya tara kuɗi ya sayi allo ɗan Beljiyam mai 144Hz, ya yi ta wasa da shi, sannan ya zo yana ce mini, "Yaya, anya ba cutata aka yi ba? Ni ban ga wani canji ba." Da muka buɗe saitin nuni na Windows, sai muka tarar allon yana nan a kan 60, domin sau da yawa sai mutum ya shiga da kansa ya zaɓi lambar da ta fi girma. Da muka nemi 144 ma ba ta bayyana ba, saboda tsohuwar mahaɗar HDMI da ke jikin allon ba ta kai nan. Sai da ya samo wayar DisplayPort. Yana motsa linzami a fuskar kwamfuta kawai, tun bai buɗe wasa ba, ya ce ya gani.

Sai dai abin da na fi so a fahimta shi ne, daidaito ya fi yawan lamba. Kwamfutar da ke fitar da firam 200 lokacin da kake tsaye kana kallon bango, amma ta faɗo 70 da zarar an jefa bam na hayaƙi kuma mutum biyar sun haɗu a wuri guda, ta ci amanarka a daidai lokacin da kake buƙatarta. Gara wadda za ta tsaya a 120 daga farko har ƙarshe, domin hannu yana koyon saiti ne da abin da ba ya canjawa. A nan ne yanayinmu yake shigowa. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka da ramukan iska. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kusa digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, firam kuma su zube. Mutum sai ya ce wasan ne ya lalace, alhali abin da na'urar ke nema a buɗe ta a kakkaɓe ƙura, a sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta. Masu laftof kuma su sani, da zarar an ɗauke wuta na'urar ta koma batir, ƙarfinta yakan ragu sosai, wasu ma an tsara su su tsaya a firam 30 don batirin ya jima. Wanda ke wasa a inda wuta ba ta zama, inbata ko sola ta fi masa sabon allo amfani.

Rage kyawun zane ba abin kunya ba ne, manyan 'yan gasa ma suna yi don firam su ƙaru. V-Sync kuwa, saitin da ke sa kwamfuta ta jira allo kafin ta aika sabon hoto, a kashe shi, domin ko da yake yana hana hoto tsagewa, yana ƙara jinkiri tsakanin hannu da allo. Idan allon yana da FreeSync na AMD ko G-Sync na Nvidia, wato yana daidaita saurinsa da na kwamfuta, akan ƙayyade firam ƙasa kaɗan da iyakarsa, misali 141 a kan mai 144. A duba linzami ma, domin na ofis yakan aika saƙo sau 125 a daƙiƙa, na wasa kuma sau 1,000.

Akwai kuma jinkirin da babu allon da zai magance, wato wanda 'yan wasa ke kira ping, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba, babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar faiba, kuma wayar intanet ta ƙarƙashin teku ta MainOne da ta fara aiki a 2010 tsakanin Legas da Fotugal tsawonta kusan kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa a cikinta kaɗai milisakan 70 ke nan, ba a lissafa sama da kilomita 1,000 da ke tsakanin Gombe da Legas ba, balle sauran tafiyar zuwa sabar da ke cikin Turai. Saboda haka ɗan wasanmu yakan fara karawa da Bature yana bayansa da fiye da milisakan 100, kuma a gaban wannan tazara, milisakan 3 da allo mai 240Hz zai ceto ba su taka kara sun karya ba. Wannan bai sa na raina 144Hz ba, domin santsin hoto da sauƙin bin abokin gaba suna nan ko ping ya yi yawa. Amma kuɗin da za a ƙara a sayi 240, a ganina ya fi dacewa a zuba shi a intanet mai tsayawa, a kuma ja waya daga rauta, na'urar da ke raba intanet, zuwa kwamfuta maimakon dogaro da Wi-Fi, wanda ke sa ping yin sama da ƙasa a tsakiyar wasa.