Kaset ɗin Alhaji da rumbun da na gina musu

Shekara bakwai ina gyaran rediyo da amfilifaya a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, amma aikin da ya fi canja mini tunani na wani dattijo ne a unguwar Birni. Ɗansa ne ya zo, ya ce yana so in haɗa wa mahaifinsa kayan sauti irin na zamani, wanda ana taɓa waya waƙa ta fito. Na kama lissafi nan take: lasifika biyu, amfilifaya, sai Spotify, manhajar jin waƙa ta intanet, tunda ya shigo Nijar a 2021. Ban je na tambayi mai gidan komai ba.

Ran gwaji na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me za a sa maka?" Ya ambaci makaɗa uku. Na nema, babu ko ɗaya. Bai ce komai ba, ya aika jikansa ya ɗauko wani kwali. Kaset ne kusan ɗari biyu: algaita da kakaki na hawan Sallah da ya ɗauka da rakodarsa a ƙofar fada, wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, har da waƙoƙin bikin ƙannensa. Ya ce, "Ɗana, waɗannan nake ji." Jikina ya yi sanyi, don na gane ni na zaɓar wa kaina kaya, ba shi ba.

Sai na sake shiri. Abin da gidan ke bukata rumbu ne, wato ƙaramar kwamfuta mai ajiye sauti a cikin gida, tana aika shi ga lasifika ko da babu intanet. Na ɗauki Raspberry Pi 4, wadda volt 5 ke ishe ta, na sa mata manhajar kunna sauti ta Volumio, na haɗa da ƙaramar na'urar DAC mai mayar da lambobi su zama sauti. Kwashe kaset ɗin ne ya ci lokaci. Kaset mai minti 90 sai ka zauna masa minti 90, ba gajeriyar hanya. Kowane dare nakan goge kan rakoda da auduga, in ɗauka da manhajar Audacity, in ajiye a tsarin FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti. Kowane kaset na cin kusan rabin giga, don haka faifai mai giga 500 ya wadatar har da saura. Wasu sun ce MP3 ma ya isa, kuma ga kunne da gaskiyarsu. Ni dai na ƙi rage wa muryar mamaci komai, tunda wasu kaset ɗin ba za su jure a sake juya su ba.

Damagaram kuma ta koya mini nata. Mako na biyu wuta ta ɗauke daidai lokacin da injin ke rubutu a kan katinsa, katin memori ya lalace, sai da na sake ɗora komai. Allah ya taimaka sautin yana kan faifai daban. Daga ranar na ɗora injin kan batir mai volt 12 da sola ke cikawa, ta hanyar ƙaramin abin rage wuta, na kuma yi kwafi na biyu da ke ajiye gidan ɗan. Da bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, na tarar injin ya yi nauyi, domin yana rage gudu da kansa in ya kai digiri 80. Na fara tunanin sa masa fanka, sai na tuna ƙurar hunturu da nake sharewa daga cikin rediyon mutane kowace shekara. Na sa shi cikin gidan alminiyam mai shanye zafi, na zaɓi faifan SSD da ba ya da abin da ke juyawa.

Spotify ɗin ban cire shi ba, jikoki na amfani da shi in sun sayi data.

Yanzu duk wanda ya zo neman kayan sauti, nakan je gidansa tukuna in ga abin da yake ji, da yadda wutar unguwarsu take. Watan jiya na leƙa wajen Alhaji in duba batir. Na same shi bayan la'asar a zaure da abokansa biyu, algaita na tashi, suna gardamar ko wace shekara ce aka yi wannan hawan.