Laraba a Damagaram, ni da Kawu

Yau Kawu ya shigo daga ƙauyenmu na wajen Mirya a motar kasuwa, ya tarar ina shirin darasin gobe a kan littafin Utopia na Thomas More, wanda ya fito a 1516. Bayan mun gaisa ya sha fura, ya ce me ke cikin takardar da ta ɗauke mini hankali haka.

Na ba shi labari. Utopia tsibiri ne da marubucin ya ƙago, mai birane 54, ba mai cewa gona kaza tawa ce, aiki awa 6 a rana. Kowane ɗan birni sai ya fita ƙauye ya yi noma shekara 2, sannan a musanya shi da wani. Kawu ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, ruwan sama fa? Shi ma sun yanka masa awoyinsa?"

Na ce Kawu, a littafin rumbunansu ba sa bushewa. Ya ce mai littafin ya taɓa riƙe hauya? Na ce lauya ne a Landan. Ya ce shi ya sa.

Raina ya ɗan sosu, domin ni ma nakan yi irin wannan mafarkin. Duk ranar da famfon unguwarmu ya ƙafe, ƴan ga-ruwa suka tsawwala, kabu-kabu suka cika kunne a bakin Kasuwar Dole, sai in tuna gayya: samari a jere cikin gona, ganga na tashi, mata na kawo fura. Amma gayyar da na sani bashi ce. Wanda bai zo taka ba an rubuta shi a zuci, kuma ranar tasa zai gani. Marubutan da ke ƙawata ƙauye sukan tsallake wannan, su tsallake watan da hatsi ya ƙare kafin sabo ya nuna, a koma awon tiya. Galibinsu a birni suke zaune, da fitila.

Mu ma muna da musanyar, sai dai ta juya baya. Da an gama girbi samari ke kwararowa cin rani, wasu nan Zinder, wasu Kano, wasu Agadas har Libiya, kuma ba wanda ake turawa ya maye gurbinsu.

Abin da ya kawo Kawu ke nan ma. Autansa ya ce shi da noma sai wata shekara, babur yake so. Gobe bayan azahar zan kai su Sabon Gari wurin wani abokina mai ba da babura haya.