Ranar da 'yan fim suka sauka Matan Fada

Laraba, Argungu.

Ina sallame sallar asuba wayar Yaya ta shigo, wai in zo in kama mata aiki. Baƙin da suka sauka jiya daga Kano abincin mutum 40 suke so, rana da dare. 'Yan fim ne, kwana uku za su yi suna ɗauka a bakin kogin Matan Fada.

Kafin hantsi na yi sawu biyu kasuwa: shinkafar fadamarmu, kifi, manja, itace. Da na kai kulolin bakin ruwa sai na tarar da gari ya tashi kamar ana sallah. 'Yan kabu-kabu suna ta jigilar kaya daga masauki, mai shayi ya kafa teburinsa ƙarƙashin bishiya, yara sun yi cincirindo ana ta korarsu daga gaban kyamara. Baba, tsohon masuncin unguwarmu, an hayi jirginsa da gorarsa da homarsa. Ya ce abin da aka ba shi yau ya fi na sun mako guda. Na daɗe ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Masaukin nan kuwa, in ba lokacin bikin kamun kifi ba, ƙura ce ke kwana a ɗakunansa. Mun san abin da baƙo ke kawowa, domin mun ga shekarun da aka daina bikin, kusan goma, kafin a dawo da shi a 2020. Biki na 'yan kwanaki ne, shekara kuma wata goma sha biyu ce.

Bayan azahar na samu daraktan yana cin abinci, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin fim ɗin me za a kira garin nan?"

Ya ce, "Ai wani ƙauye ne kawai, Malam, ba shi da suna."

Maganar ta tsaya mini a rai har yanzu. Garin da ake biki a ruwansa tun 1934, bikin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin al'adun gadon duniya a 2016, garin da ke da gidan tarihi na Kanta, shi ne za a nuna wa jama'a a waya da talabijin ba suna. Mai kallo a Zariya ko Maradi zai ce kai, ruwan nan ya yi kyau, amma ba zai san motar ina zai shiga ba. Kuɗin abinci da na haya jibi za su ƙare. Suna ne zai iya jawo wani ya zo bayan an naɗe kaya.

Na ba shi labarin Warzazat a Maroko. Gari ne a bakin hamada, ginin ƙasa irin namu, amma saboda finafinan da ake ɗauka a can da Ait Ben Haddu kusa da shi, masu yawon buɗe ido ba sa yankewa. Mai raƙumi na ci, mai ɗinkin kaya na ci, mai yi wa baƙi jagora na ci. Ya saurara sosai, ya ce zai yi magana da furodusa. Allah ya sa.

Ban faɗa masa ɗaya gefen ba, amma yana raina. A Tailan akwai gaɓar teku mai suna Maya, fim ya tallata ta, baƙi suka yi mata yawa har suka lalata halittun ruwan, dole hukuma ta rufe ta a 2018, sai 2022 aka sake buɗewa. Da yamma na tuna da wannan, da na ga ledojin ruwa birjik a gaɓa, an kuma tattake gefen gonar albasar wani bawan Allah. Baba ya dubi wurin ya ce mini, "Yaro, ruwan ga shi ka ciyar da mu, ko da baƙi ko babu." Muka tsince su ni da shi da jikokinsa har aka kira magariba.

Daraktan ya yarda gobe da safe in kai shi gidan Kanta kafin su fara aiki. Zan nuna masa tsoffin makamai da kaburburan sarakuna. Yaya kuma ta ce itacenta ba zai kai dare ba, sai na biya kasuwa tukuna.