Asabar ɗin da na je zance da rigar aro

Ƙannena 'yan zango, ku matso ku ji labarin wata Asabar, ko wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

Disamban 2022 ne. Duk wanda ke Ankara tamu ta Gana bai manta shekarar ba: dalar da muka fara shekara da ita wajen sidi 6 ta doshi 15 a Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 54 cikin ɗari. Ni a lokacin yaron shago ne, ina gyaran waya a Circle, abin da nake samu bai wuce na ci da na trotro (motar haya) ba. Asabar ɗina ta kullum ba ta da wani armashi: koko da ƙosai bayan asuba, wanki a tsakar gidan hayarmu a Nima, shago rabin yini, da yamma musun ƙwallo a bes, wato majalisarmu ta samari.

Amma akwai wata yarinya 'yar unguwar Maamobi. Mahaifiyarta mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, ita kuma tun kafin kiran sallah take tashi hura wuta da soya shito, miyar barkonon da ake ci da shi. Wata takwas muna tare, ina gaya mata ni ke da shagon.

Ranar na ce sai na burge ta. Na ari riga da agogo wajen abokina, na ci bashi ta waya, na ƙara da kuɗin zubin adashi na makon. Na ƙi trotro, na ɗauki tasi har Osu, wani gidan abinci mai sanyin na'ura inda ake kawo shinkafa 'yar mitsitsiya a tsakiyar faranti kamar magani. Tana ta juya cokali, tana duban takardar farashi a kaikaice. Da aka kawo lissafi na danna waya, kuɗi ba su kai ba. Na sake dannawa, kamar lambobin za su ji kunyata. Gumi ya jiƙa rigar da ba tawa ba. Ba ta ce komai ba, ta buɗe jaka ta fito da leda baƙa, kuɗin cefanen gobe na mahaifiyarta, sidi biyar-biyar da bibbiyu masu ƙanshin hayaƙi da mai, ta ƙirga a gaban mai hidima.

A trotro muka koma, kujerar baya. Muna wuce babban masallacin Kanda ta ce, “Yaya, na san shagon ba naka ba ne. Maigidanka wajen Mma yake cin waakye kullum.”

To, ku rubuta wannan: zango ba ya ɓoye mutum. Daga Nima zuwa Madina zuwa Sabon Zango, wani ya san kakanka, wani ya halarci sunanka. Ƙaryar da ka yi wa budurwa, ita kaɗai ce ke maka karar yin kamar ta yarda. In gyaran waya kake koyo, ka ce kana koyo. Kada kuma ka taɓa kuɗin adashi saboda yawon Asabar, don mutanen da kuke zubi tare su ne za a tambaya halinka in maganar aure ta taso.

Sai dai abincin Osu ba shi ya raba mu ba. Cikin wata takwas ɗin nan ban taɓa taka gidansu ba. A bakin lungu nake tsayawa, kusa da mai tsire, in kira ta a waya ta fito kamar mai karɓar saƙo. Sau biyu kawunta ya aiko cewa in da gaske nake in turo magabata. Na ce sai na tara. Tarin me? Masu gida a Ankara kuɗin shekara biyu suke nema a dunƙule, ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda. Wanda ke son ɗaki mako-mako yake ajiyewa, ni kuwa duk Asabar sai na ƙone abin da na samu a tasi da katin waya. Gaisuwa kuma ba ta bukatar ko kwabo. Ka shiga, ka cire takalmi, ka durƙusa ka ce, “Baba, ina wuni,” su san fuskarka da rana. Ko goro ba ka da shi, kawunka zai saya.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura mata aure da wani mai sayar da albasa a Adjen Kotoku, wanda a zuwansa na biyu ya taho da yayan babansa. Ni da 'yan bes muka jera kujerun.

Har yau wajen mahaifiyarta nake karyawa ranar Asabar. In ta hango ni sai ta ƙara mini ƙwai, ta ce, “Ɗana, yaya shagon maigidanka?”