Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Filin da Na Yi wa Dawakina

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya na tsaya a inda na tare a gidana na bayan garin Zariya bayan na aje aiki, na kafa turke biyu, na ɗaure dawakina, Bidi da Akawal.

Ba a daɗe ba na ga babu inda zan kai su kilisa. Muna yara, kana fita ƙofar gari ka shiga fili. Yanzu duk gidaje ne da kwalta, ga babura, ga Keke Napep. Dawakinmu kuma yawanci ba a sa musu takalmin ƙarfe, kwalta na cin kofato, tana da santsi. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda doki yake shekara a turke yana cin harawa da dusa, sai Sallah ta zo a ɗora masa kaya masu nauyi, ya yi Hawan Sallah, ya yi na Bariki, ya yi Daushe. Bayan hawa ka zaga barga-barga ka ga masu ɗingishi. Wannan zalunci ne, ko da mai dokin bai nufa ba.

Akwai fili a bayan gidan, na ce nan zan gyara. Na je wa Kawu da maganar, shi da ya yi rayuwarsa a bargar wani hakimi tun yana saurayi. Na ce masa gobe zan kira masu tipa su zubo yashi. Ya ce, "Ɗana, kada ka sayi ko kwano ɗaya tukuna. Bari damina ta sauka, ka ga inda ruwa yake shigowa da inda yake kwana."

Haka na yi. Duk ruwan da aka yi a watan Agusta sai na ɗauki lema na fita, ina kafa turaku inda ya taru. Na ga ruwan gonar da ke sama da ni duk ta nan yake bi, ƙasar kuma laka ce, ba ta shanyewa. Na zauna na yi lissafi. Filin mita 20 ne a faɗi, 40 a tsawo, wato murabba'in mita 800. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, lita 40,000 ke nan ta zuba a kansa, duro 200 cur. Zariya kuwa tana samun kimanin milimita 1,000 a shekara. Duk yashin da aka zuba a kan laka ba tare da an nema wa wannan ruwa hanya ba, taɓo zai koma, kuma dokin da ya saba tsayawa cikin taɓo kofatonsa ruɓewa yake, har ka ji wari.

Da rani ya shiga muka fara. Aka kankare baƙar ƙasar sama da saiwoyinta, na kwashe ta zuwa lambu. Daga nan muka shiga aikin da ya fi cin lokaci, fitar da gangara. Maginin da ya yi mini aikin ba shi da wata na'ura, tiyo ne mai ruwa a ciki irin wanda suke daidaita gini da shi, sai igiya da turaku. Muka sa gefen sama ya fi na ƙasa tudu da santimita 30 a faɗin mita 20. Mahayi ba ya jin wannan gangara, doki ma ba ta dame shi ba, amma ta ishi ruwa ya tafi.

Sai marmara. Nan kuɗina suka tafi, har uwargida ta ce, "Malam, wai hanyar mota kake yi ne?" Na ce kusan haka ne. Kaurin santimita 15 muka sa, amma ba a tashi ɗaya ba. A shimfiɗa rabi, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai ta kawo, sannan a ƙara sauran. Kawu yana zaune a inuwar darbejiya yana kallo. Da magini ya ce an gama, Kawu ya ce a shigo da tipa da kayanta ta ratsa. Ta ratsa, taya ta bar gurbi a kusurwa ɗaya. Magini ya ce, "Maigida, a sake nan." Aka tone aka sake. Ni dai a ganina wannan daɓen na ƙasa shi ne filin. Yashi ana iya ƙarawa ko a rage kowace shekara, amma in daɓe ya lotsa sai an kwashe komai.

A gefen sama muka ja lambatu ya tare ruwan gona kafin ya shigo. A gefen ƙasa muka haƙa rami mai tsawon filin, muka kwantar da bututun roba da aka huhhuda, muka rufe da tsakuwa. Bakinsa na juya shi cikin lambuna, gindin ayaba da gwaba. Da na bar shi ya bi inda ya ga dama, katangar maƙwabcina zai ci, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Muka kewaye filin da bulo layi ɗaya don ya riƙe yashi, muna barin 'yan ƙofofi a gefen gangara.

Wajen zaɓen yashi likitan dabbobin da ke duba mini su ya koya mini dabara. Ka zuba yashin a kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka aje ya kwana. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta kwanta a kansa. In lakar ta yi kauri, da rani ƙura ce, da damina santsi. Rairayi mai laushi irin na filasta kuma gudu yake a ƙarƙashin kofato. Na ɗauki mai kaushi daga wajen masu ɗiba a kogin Galma, aka tankaɗe manyan duwatsun.

Samarin unguwa sun so a zuba shi da zurfi, wai don zamiya ta yi kyau in an zo jafi. Na ƙi. Yashi mai zurfi yana jan jijiyar da ke bayan ƙafar doki, kuma ciwon jijiya wata da watanni yake ɗauka, wani dokin ma ba ya komawa daidai. Santimita 6 na sa, abin da kofato zai ɗan nutsa ya bar sawu, bai kai ga marmara ba.

Shinge na bututun ƙarfe na yi saboda gara. Waya mai ƙaya kuwa ban yarda da ita ba ko kusa.

Da hunturu ya zo ƙura ta taso, wani ya ba ni shawarar na watsa baƙin mai. Abin da zai shiga huhun doki, ya bi ruwa ya gangara lambu da rijiya! Ruwa nake yayyafawa da asuba kafin a hau. Kashin doki kuwa a kwashe shi nan take, don in ya bushe ya murmushe shi ke toshe yashi. Maƙeri ya haɗa mini wani ƙarfe mai haƙora da muke ja da babur, saboda dawaki gefe-gefe suke bi, suna ture yashin zuwa jikin bulo, sai an dawo da shi.

Damina ta gaba aka kwana ana ruwa. Da hantsi na fita, bututu yana ta zuba a gindin ayaba, filin babu kwanciyar ruwa ko ɗaya. Da la'asar na ɗaura wa Akawal sirdi, muka yi sassarfa, muka yi sukuwa, bai zame ba. Kawu ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya duba, ya ce, "Kawo Bidi."

A ranar na lura da yara sun jeru a jikin shinge, har da 'yata ta ƙarshe, wadda ta ce lallai ita ma sai ta hau. Yadda muka kwashe da mahaifiyarta a kan wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.